Malami a Ƙasar Baƙunci: Zamansa, Tafiyarsa da Hutunsa

Laccar da aka gabatar a Badarawa, Kaduna, ga matasan malamai lokacin dogon hutu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya watsa 'yan Adam a cikinta da harsuna iri-iri, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta malamai limamanmu, iyayenmu mata da suka bar hidimar gida suka zo, da ku 'ya'yana masu riƙe da takardun shaidar malanta, ina yi muku barka da hallara.

An roƙe ni in yi magana a kan sha'anin malamin da ya bar ƙasarsa ya tafi wata ƙasa koyar da Turanci, watau yadda yake zama yau da gobe, da yadda yake tafiye-tafiye, da abin da yake yi da hutunsa. Dalilin wannan roƙo ba ɓoyayye ba ne, domin duk wanda yake zama majalisar samari daga nan Badarawa har Kwaru, da Malali, da Unguwar Dosa, ya san cewa a 'yan shekarun nan babu zancen da ya fi yawo a bakin masu digiri da masu NCE kamar zancen fita waje, kuma da yawansu, tun da suka ji cewa Turancin da suka ɗauka ba a bakin kome ba haja ce da ake nema a wasu ƙasashe, sai hankalinsu ya tashi, suka shiga lissafin albashi da kuɗin jirgi, alhali kuwa abin da zai sa fitar ta yi albarka ko ta zama nadama ba ya cikin wannan lissafi. Ni abin da na sani da idona shi ne Jamhuriyar Nijar, inda na koyar a Maraɗi cikin shekarun 1990, saboda haka a can zan daɗe, sauran ƙasashe kuwa in taɓo su gwargwadon bukata.

Kafin nan ya kamata mu tuna cewa mu mutanen Arewa mun daɗe muna cin gajiyar malamai baƙi. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Shaihu Magili ya taso daga Magrib ya zauna Kano da Katsina yana karantarwa. Da zamanin boko ya zo, Kwalejin Katsina, wadda aka ɗauko aka kawo nan Kaduna a 1938 kafin a mai da ita Zariya a 1949, Turawan Ingila ne suka koyar da shugabanninmu na farko a cikinta, kamar yadda aka ɗauko malamai daga Sudan domin makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934. Bayan samun mulkin kai sai ga samarin Amurka na Peace Corps tun daga 1961, da na Ingila, da Indiyawa da mutanen Pakistan da na Filifin, sa'an nan 'yan'uwanmu na Ghana waɗanda suka cika makarantunmu bayan shirin UPE na 1976, har zuwa korar baƙi ta 1983. Dattawan da suke zaune a nan, in aka tambaye su wanda ya koya musu nahawun Turanci ko lissafi, da yawa baƙo za su ambata. Mu ma ba a bar mu a baya ba, domin Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da ilmin taurari, a Alƙahira ya zauna yana koyarwa har ya rasu a 1741. Saboda haka yaron Badarawa da zai fita yau da alli a hannu ba bidi'a ya ƙago ba, bashi ne na kakanni yake rage wa.

Ƙofofin fita kuwa ba su da yawa, kuma ba duka ne a buɗe ba. Akwai ta Gwamnatin Tarayya, watau shirin Technical Aid Corps da aka kafa a 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, wanda ta hanyarsa ake tura malamai da likitoci da sauran ma'aikata zuwa ƙasashen Afirka da na Karibiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu, Nijeriya ta biya alawus, ƙasar da aka je ta ba da masauki. Akwai ta makarantu masu zaman kansu a ƙasashen da Faransa ta rena, kamar Nijar da Cadi da Binin, da kuma ƙasashen Larabawa. Amma fa kada a ruɗe ku da labarin Asiya ta gabas, domin Koriya ta Kudu, alal misali, bizar da ta saba bai wa malaman Turanci ta keɓe ta ga 'yan ƙasashe bakwai, Amurka da Ingila da Kanada da Ayalan da Ostireliya da Niyuzilan da Afirka ta Kudu, babu Nijeriya a ciki, ko da kuwa mutum ya fi mai fasfon iya nahawu. Wannan rashin adalci ne a ganina, amma sanin sa ya fi a sayar da gonar gado a miƙa wa dillalin da zai yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

To, yanzu ga asalin abin da na zo faɗa, kuma daga fiƙihu zan ɗauko shi, tun da yake duk mun zauna gaban malam mun karanta Risala ko mun ji ana karanta ta. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi nufin tafiyar mil 48 yana yin ƙasaru, ya mai da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, saboda shari'a ta san wahalar hanya ta yi masa rangwame, amma da zarar ya sauka wani gari ya ƙulla niyyar zaman kwana huɗu cikakku, to hukuncin matafiyi ya faɗi daga kansa, ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa kamar yadda 'yan garin suke cikawa. In kuwa kwana huɗu sun isa su fitar da mutum daga hukuncin matafiyi a gaban Ubangijinsa, yaya za a yi wanda ya sa hannu a takardar shekara biyu ya ci gaba da zama kamar ɗan ƙasaru a gaban mutane, yana taƙaita gaisuwa, yana taƙaita zumunci, yana taƙaita ƙoƙarinsa a aji, adakarsa a ɗaure, idonsa na kan kalanda? Na ga malamai da yawa da suka yi haka, sun dawo da 'yan kuɗi, amma in ka tambaye su sunan limamin unguwar da suka zauna, ko abin da uban ɗalibinsu yake nomawa, sai su yi shiru. Wanda ya fita koyarwa lalle ne ya shiga garin mutane da niyyar mazauni, kuma duk abin da zan faɗa game da kasuwa da aji da hutu reshe ne na wannan.

Daga tashar Kawo, wadda ba ta da nisa da inda muke zaune, mota takan bi ta Zariya da Funtuwa da Malumfashi ta kai Katsina, daga nan a nufi Jibiya, a ƙetare iyaka a Ɗan Isa, a shiga Maraɗi, kuma tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Kusancin nan shi ne tarko na farko. Mutum zai sauka ya ji Hausa ta ko'ina, ya ga riga da hula irin nasa, ya ji an kira salla, ya ji muryar Rediyon Kaduna tana fitowa daga rumfar mai shayi, sai ya ce ai gida ya zo, alhali kuwa Hausawa sun riga sun faɗa cewa baƙo ko da ido makaho ne. Maraɗi gari ne na sarakunan Katsina na dauri, waɗanda suka fita bayan jihadi ya ci birninsu a 1807 suka sake kafa sarauta a bakin gulbi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai garin, kamar yadda Sarkin Gobir yake zaune a Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga nan. Malamin da ya zo da tarihin da aka koya masa a makarantarmu, inda labarin yake da fuska guda, in bai iya bakinsa ba sai ya ɓata wa dattijo rai a zaman farko, domin a can akwai zuriyar waɗanda aka yi yaƙin da su, kuma suna da nasu labarin, da nasu mazajen da suke alfahari da su. Ladabi shi ne ya saurara tukuna.

Tsarin makaranta ma dabam ne, gadon Faransa. Bayan firamare yaro yakan yi shekara huɗu a kwaleji ya ɗauki jarrabawar BEPC, sa'an nan shekara uku a lise ya ɗauki bakaloriya, kuma a shekarar farko ta kwaleji yake fara gamuwa da Turanci. Maki bisa 20 ake bayarwa, ba bisa 100 ba, goma ita ce iyakar tsira, wanda kuwa ya saba raba saba'in da tamanin a nan, in ya je can ya fara zuba 18 da 19, abokan aikinsa za su ɗauke shi mai sakaci, domin a wurinsu 14 ma abin a yi wa yaro barka ne. Yara suna ce wa malami mushe, suna miƙewa in ya shigo, suna rubutu da kyakkyawan hannu a haɗe, suna ja layi da rula ƙarƙashin kwanan wata, abin da har yanzu nake jin da ma mu ara. Littafin da aka daɗe ana koyarwa da shi sunansa English for the Sahel, an tsara shi da sunayen mutanen ƙasar da garuruwansu, amma ba kowane yaro yake da kwafe ba, saboda haka allo shi ne littafi, malamin da hannunsa ba ya karantuwa kuwa ya cuci aji guda.

Abin da ya fi ba ni tunani a cikin ajin nan shi ne matsayina da na yaran. Ga ni Bahaushe, ga su mafi yawansu Hausawa, tare da 'ya'yan Filani da Buzaye da Zabarmawa da Barebari waɗanda su ma sun iya Hausa, harshen makaranta Faransanci wanda ni ban ƙware a kansa ba, abin koyarwa kuma Turanci wanda ba na uwata ba ne ba kuma na uwayensu ba. Wasu masu duba malamai suna ganin haramun ne a ji Hausa a darasin Turanci. Ni ban yarda da wannan tsanani ba, ban kuma yarda da wanda zai mai da darasin hira da Hausa ba. Abin da na ga ya yi amfani shi ne a riƙe Turanci daga farkon darasi zuwa ƙarshensa, har gaisuwa da umarni da tsawa, amma in aka zo kan ƙa'ida mai wuya wadda yara suka kasa kamawa bayan misali biyu ko uku, sai a warware ta da Hausa a jumla ɗaya a koma, kamar yadda malamanmu na zaure suke karanta Larabci su fassara su wuce. Wannan wata baiwa ce da Ba'amurke ko Baturen Ingila ba shi da ita a wannan aji, ko da yake samarin Peace Corps sun koyar da Turanci a Nijar tun daga 1962, wasunsu ma sun iya Hausa ƙwarai. Kada wani cikinku ya rena kansa domin lafazinsa ba na Landan ba ne. Wanda ya sha wahalar koyon harshe da girmansa ya fi sanin inda ɗalibi zai yi tuntuɓe.

Kuma yaran nan sun san abin da suke nema. Maraɗi gari ne na fatauci, alhazanta sun shahara tun zamanin gyaɗa, ɗan alhaji kuwa ya san cewa wata rana za a aike shi Kano ko Legas, yau ma har Dubai da Sin, inda Faransanci ba zai saya masa kome ba. Wasu suna son karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ko a Ghana, wasu aikin ƙungiyoyin agaji. A 2025 ma hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, wanda ke nuna cewa bukatar malamin da ya haɗa Hausa da Turanci ƙaruwa za ta yi.

Zaman gari kuwa a kasuwa da masallaci da ƙofar gida ake koyon sa. Kuɗin ƙasar sefa ne, amma ba da lambar da ke jikin takarda ake ciniki ba, da dala ake ƙirga, dala ɗaya tamma biyar, jika kuwa tamma dubu, saboda haka sabon zuwa sai ya yi makonni yana ninka biyar a ransa kafin ya miƙa kuɗi. Babbar kasuwa Litinin da Jumma'a take ci. Da safe burodi dogo da shayi, da rana fura ko dambu da zogale, da dare tuwon gero, kilishi kuwa da cuku sai mutum ya riƙe aljihunsa. Zafin watan Afrilu da Mayu ya wuce abin da ɗan Kaduna ya saba, musamman in azumi ya faɗo a ciki, lokacin da ake kwana a tsakar gida, ana jiƙa zane a lulluɓa, darasin bayan azahar kuma ya zama jarrabawa ga malami da ɗalibi baki ɗaya. Da la'asar sakaliya samari sukan taru a fada, watau majalisarsu, a ɗora 'yar buta a kan gawayi a dafa shayi sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ana hira har dare. Malami ya zauna, amma ya zaɓi inda zai zauna, domin a garin da kowa ya san kowa, wurin zamansa na yamma shi ne takardar shaidarsa ta safe. Ya nemi masallacin unguwa tun ranar farko, ya je ya gai da mai unguwa, ya halarci suna da jana'iza ko ba a gayyace shi ba, in kuma yana da sauran karatun da bai ƙare ba, ya ɗauki littafinsa ya zauna gaban wani malamin garin bayan asuba. Babu abin da yake saurin cire wa mutum rigar baƙunci kamar iyayen yara su ga mai koyar da 'ya'yansu da rana shi ma almajiri ne da safe.

Dole in faɗi ɗacin abin. A shekarun da na zauna, ƙasar tana cikin matsi, an yi taron ƙasa a 1991, ma'aikatan gwamnati suna bin albashin watanni, yajin aiki da na ɗalibai ba ya ƙarewa, sa'an nan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da mutum ya tara domin turawa gida ya narke a dare ɗaya, kayan da ake shigowa da su kuma suka yi tsada. Wata makaranta mai zaman kanta da na yi wa aiki ta biya ni watannin karatu, da hutu ya zo sai aka ce ai ba a biyan wanda ba ya aji, takardar da muka sa wa hannu kuwa ba ta ce kome a kan haka ba. Saboda haka, 'ya'yana, kafin ku ɗaga ƙafa a rubuta muku a fili: wata nawa za a biya a shekara, tara ko goma sha biyu, da wane kuɗi, wa zai biya haya da wuta da ruwa, wa zai ɗauki nauyin magani, wa zai biya kuɗin komawa gida. Fasfo kuwa amana ce tsakanin mutum da ƙasarsa, kada ya bar shi a aljihun tebur na wani mai makaranta, ko a Nijar ko a ƙasar Larabawa. Addininmu da kansa ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ba don ana zargin kowa ba.

Sai maganar hutu, wadda ita ce na fi so mu daɗe a kanta. Shekarar karatu a Nijar takan fara a watan Oktoba ta ƙare a ƙarshen Yuni, da ɗan hutu a ƙarshen Disamba da wani wajen ƙarshen Maris, sa'an nan dogon hutu na wata uku wanda ya dace da damina, lokacin da yaran ƙauye suke komawa gona. Akwai ranakun ƙasa, 3 ga Agusta ranar samun 'yancin kai a 1960, wadda aka mai da ita ranar dashen itatuwa, da 18 ga Disamba ranar jamhuriya, ban da sallolin nan biyu da Mauludi. Abin da mafi yawanmu muke yi shi ne, ranar da aka rufe makaranta da hantsi, kafin azahar muna tasha, ba za a sake ganin mu ba sai daren komawa. Ban ce kada a zo gida ba. Iyaye suna da hakki, matar da aka bari da yara tana da hakki wanda shari'a ba ta yarda a yi wasa da shi ba, wanda kuwa zai iya tafiya da iyalinsa ya tafi da su ya fi masa tsari ga addininsa da mutuncinsa. Amma wata uku suna da faɗi, kuma wanda ya ba gida wata biyu ya ware sauran domin ya san ƙasar da take ciyar da shi, bai tauye kowa ba.

Abin gani kuwa yana nan birjik, tun daga ƙofar gari. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwari take, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu aka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu, wanda ya san haka kuwa zai gane dalilin da ya sa unguwanni suka bambanta. Kudu kaɗan ga tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai da ake ziyarta. In aka bi babbar hanya gabas, a wuce Tasawa, tafiyar kilomita wajen 240 sai Damagaram, wadda ita ce hedkwatar mulkin Faransa har 1926 kafin a koma Yamai, inda fadar Sultan take tsaye a cikin Birni tsakanin manyan duwatsu, da gidaje masu zanen bango irin wanda ya fara ƙaranci a Kano da Zariya, da Zango inda ayarin raƙuma suke sauka a da. Ɗan Arewa da ya tsaya a nan ya ji labarin Sarki Tanimu da bindigoginsa, da yaƙe-yaƙen Damagaram da Kano, zai gane cewa iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta raba tarihi guda gida biyu, kowane ɓangare yana karanta rabi.

Wanda Allah ya hore wa lafiyar hanya ya bi ta Tawa ya kai Agadas, ya ga masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, tsawonta mita 27, wanda aka gina a 1515 aka sabunta a 1844, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A zamanina tawayen arewacin Nijar ya daɗe yana tare wannan hanya, sai bayan sulhun Afrilu na 1995 aka fara samun sauƙi, yau ma kada kowa ya kama hanyar sai ya shawarci hukuma da mutanen gari. Amma Agadas ba baƙon wuri ba ne gare mu, domin can Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je neman ilmi wurin Malam Jibrila ɗan Umaru, Shehun da kansa kuma a Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau. A ƙarshen damina makiyaya sukan taru a Ingal domin dabbobi su lashi gishiri, a yi bikin da Buzaye da Bararoji suke fitowa da adonsu. In kuwa gasar kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma take zagaya jihohi, ta faɗo garin da kuke, ku je ku gani, domin kwanakin nan ƙasar gaba ɗaya kunnenta na kan rediyo.

Amma hutun da ya fi kowane amfani a gare ni ba shi da hasumiya ko fada. Wani ɗalibina, ɗan wani ƙauye a arewacin gari, mahaifinsa ya aiko a gayyace ni lokacin noman farko, na je na kwana biyu a can. Na ga yaron da nake yi wa faɗa a kan barci a aji yana tashi kafin asuba ya ja ruwa daga rijiya mai gaba da yawa, ya yini a duƙe a gonar gero, na kuma gane cewa a lokacin karatu a gidan wani ɗan'uwa yake zaune a birni, inda yake biyan masauki da aikace-aikacen gida har tsakar dare. Da aka koma makaranta darasina ya sauya. Na rage aikin gida mai tsawo, na mai da shi gajere wanda za a iya yi kafin duhu, na daina kawo misalin jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara, na sa su rubuta mini da Turanci yadda ake shuka da yadda ake ɗaure dami da yadda ake cinikin akuya, sai ga yaran da ba su taɓa buɗe baki ba suna gardama a kan kalma, domin an zo fagen da suka fi ni sani. Babu kwas ɗin da ya koya mini wannan, ko a kwalejin horon malamai ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke nan kan hanyar Zariya.

Game da hanya, ku riƙe cewa iyaka ba kullum take a buɗe ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, amma hakan bai hana a rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986 ba, aka sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sa'an nan Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Malamin da hutu ya same shi a gefe ɗaya aikinsa yana ɗaya gefen shi ya san zafin wannan. Saboda haka a riƙa tafiya da cikakkun takardu, da katin rigakafin shawara, da wasiƙar makaranta, a yi rajista a ofishin jakadancin Nijeriya, a yi wa jandarma da ma'aikatan duwan magana da ladabi, a guji hanyoyin daji na 'yan fasa-ƙwauri ko da direba ya ce sun fi sauri, a kuma guji tafiyar dare a yankin Jibiya saboda 'yan bindiga. Ana aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi, in Allah ya sa ya kammala, ku za ku ji daɗin da mu ba mu ji ba.

Wanda yake da aikin gwamnati a nan kuwa, kada ya sulale ya tafi. Ya nemi hutu ba albashi a rubuce, ya jira amsa a rubuce, ya ajiye kwafe wurin wanda ya amince da shi, domin na san waɗanda suka dawo suka tarar an share sunansu, shekarun fanshonsu suka tafi a banza. In zai baro can ma ya karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi, ya biya mai gida da mai kanti da mai ruwa har ƙwandala ta ƙarshe, ya bi gida-gida ya yi sallama, domin wani ɗan Kaduna zai zo bayansa neman ɗaki a unguwar nan, kuma da sunan wanda ya gabata za a karɓe shi ko a ƙi shi.

Ranka ya daɗe, na ga lokacin da aka ɗiba mini ya cika, masu tambaya kuma sun fara ɗaga hannu. Waɗanda suka zo da takardun kwangilar da aka aiko musu, su tsaya bayan an tashi mu duba su tare, sharaɗi bayan sharaɗi. Allah ya ba mu alheri, ya kiyaye matafiyanmu.